Darasi na 9: Baƙo da Amanar Ƙasa

Wurin karatu: Irmiya 29:1-14, Littafin Firistoci 25:1-7 da 23-24.
Ayar haddacewa: Irmiya 29:7.
Domin zumuntar matasa.

Darasinmu na yau ya tsaya a kan wata wasiƙa wadda Annabi Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga mutanen Yahuda da ke zaman bauta a Babila. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashe Sarki Yekoniya da uwarsa, da fadawa, da masassaƙa da maƙera, ya kai su ƙasarsa. Waɗanda aka kwashe ba su ɗauka zaman zai daɗe ba, gama akwai annabawan ƙarya da ke kwantar musu da rai. A Urushalima wani mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce kafin shekara biyu za a karya karkiyar Babila, kowa ya komo gida (sura 28). Saboda haka mutanen suka zauna kamar matafiyi a tasha, ƙullin kayansa a gefe, idonsa a kan hanya.

Wasiƙar Irmiya ta zo musu da abin da ba su so su ji ba. Ya ce zaman na shekara saba'in ne. Ya umurce su da sunan Ubangiji su gina gidaje su zauna a ciki, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su ƙaru, kada su ragu. Sa'an nan ya ƙara da magana mafi wuya duka, watau su nemi lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, gama lafiyarsu tana ɗaure da tasa.

Mu lura da maganar dasa gonaki. Ƙasar Babila ƙasar dabino ce, dabino kuwa yakan yi shekaru kafin ya fara 'ya'ya. Wanda ya sa rai zai tashi nan da shekara biyu ba ya dasa itace. Sai ya ci abin da ya tarar, ya ƙone abin da ya samu, ya zubar da shara inda ta faɗi. Da Ubangiji ya ce su dasa, ya taɓa ainihin ciwon zuciyarsu ke nan.

Birnin baƙi

Ba mu ce Abuja Babila ce ba. Ba wanda aka kawo nan da sarƙa, birnin kuwa na ƙasarmu ne. Amma akwai wurin da halinmu ya yi kama da na mutanen nan, shi ya sa muka zaɓi wannan sura.

Ran 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya sanar za a gina sabon babban birnin tarayya a tsakiyar ƙasa, bisa ga shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Tsohon garin Abuja ya ba da sunansa, shi kuwa ya zama Suleja. Ran 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta taso daga Legas. A ƙidayar 2006 an sami mutum wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a yankin birnin tarayya, tun daga lokacin kuwa mutane ba su daina kwararowa ba, har Kubwa da Lugbe da Nyanya da Karu suka cika, aka malala zuwa Mararaba da Suleja.

A tambayi saurayi a majami'a, ina ne garinku? Zai ce Kafanchan, ko Langtang, ko Zuru, ko Biu, ko Numan, ko da a Garki aka yanke masa cibiya. Idan Kirsimati ta zo sai tashoshin mota su cika, majami'u su yi fayau, a ce an tafi gida. Son gida ba laifi ba ne. Amma Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, mutum kuwa idan ya ɗauki kansa raɓa har shekara talatin, ba zai taɓa yashe lambatun ƙofar gidan da ya ke haya ba. Yakan ce gidan ba nasa ba ne, titin na gwamnati ne, rafin kuwa ba na kowa ba ne. Yana tara kuɗi ya gina gida a ƙauye wanda zai kwana a ciki sati biyu a shekara, unguwar da ya ke kwana sauran sati hamsin kuwa ba ruwansa da ita.

Kada kuma mu manta ba kango aka tarar ba. Garki, Wuse, Maitama, Jabi da Asokoro sunayen ƙauyuka ne tun kafin su zama sunayen unguwannin manya. Gbagyi da Gwandara da Gade da Koro da Bassa da Ganagana suna noma wannan ƙasa tun kaka da kakanni. An ta da waɗansunsu daga gonakinsu da kaburburan iyayensu, aka kai su wurare kamar Sabon Wuse da Kubwa. Daga yumɓun wannan ƙasa ne Ladi Kwali ta gina tukwanen da suka sa hotonta ya hau takardar naira ashirin. Wanda ya zo daga baya yana zaune ne a kan abin da wani ya rasa, wannan kaɗai ya isa ya sa shi taka ƙasar da ladabi.

Abin da ke samun ƙasar

Lahanin da mu ke gani yana da tushe biyu, ɗaya na nesa, ɗaya na kusa, wajibi ne kuwa mu rarrabe su, domin kada mu ɗauki nauyin da ba namu ba, mu yar da wanda ya ke namu.

Na nesa shi ne abin da a ke kira sauyin yanayi. Tun da aka fara ƙona kwal da man fetur da iskar gas da yawa, shekara ɗari biyu da suka wuce, hayaƙin nan da ba a gani, wanda masana ke kira kabon, yana taruwa a sararin sama. Yana barin hasken rana ya sauko, amma yana tare zafin da ke neman fita, kamar bargo a kan mai barci. Kafin zamanin masana'antu akwai wajen kashi 280 na wannan iska cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iskar sama, yanzu ya haura 420. Shekarar 2024 ta fi dukan shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, ta ɗara zamanin kafin masana'antu da wajen digiri ɗaya da rabi. Digiri ɗaya da rabi ba ya da yawa a kunne, amma uwar da ta taɓa auna zafin jikin yaro ta san bambancin. Har wa yau iska mai ɗumi ta fi ɗaukar laima, wajen kashi 7 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya. Shi ya sa ruwan da ā kan yi cikin kwana uku yakan zubo cikin sa'a uku, sa'an nan a yi kwanaki ba ɗigo, shuka ta yi yaushi.

Afirka duka ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin ɗari na wannan hayaƙi a shekara, ko da ya ke mu ma muna da namu rabo, kamar iskar gas da a ke ƙonewa a banza a rijiyoyin mai na kudu. Amma wahalar ba ta bin lissafin wanda ya jawo ta. A 2012 ambaliya ta raba mutum fiye da miliyan biyu da gidajensu a Nijeriya. A 2022 ta kashe mutum fiye da ɗari shida, ruwa ya yanke hanyar Lakwaja, motocin mai suka tsaya, mutanen Abuja suka kwana a layin gidajen mai. A Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci Maiduguri. A ƙarshen Mayu 2025 Mokwa, a jihar Neja maƙwabciyarmu, ta binne mutum fiye da ɗari da hamsin bayan ruwan dare ɗaya.

Tushe na kusa kuwa a ƙofar gidanmu ya ke. Abuja ƙasar duwatsu ce da tuddai da ƙananan rafuka, damina tana kamawa tun wajen Afrilu har Oktoba. Waɗanda suka zana tsarin birnin a 1979 sun san haka, suka ware kwazazzabai da bakin rafuka da filaye masu yawa domin itatuwa da hanyar ruwa. Ƙasa mai ciyawa da saiwoyi takan sha ruwan sama a hankali. Ƙasar da aka shafe da siminti da kwalta ba ta shan kome, sai ta miƙa ruwan gaba ɗaya ga na ƙasa da ita. Idan kuma an gina gida a kan hanyar ruwa, an cika lambatu da leda da robar lemo, to, ruwa ba ya karanta takardar fili. Ran 23 ga Yuni 2023 ruwa ya shiga gidaje fiye da ɗari a unguwar Trademore ta Lugbe, ba kuwa shi ne karo na fari ba. Mazauna Lokogoma da masu bi ta Galadimawa su ma sun san abin da hadarin yamma ke iya yi.

Ga kuma gawayi. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna ko ta Keffi ya ga buhuna jere a bakin titi. Kowane buhu itace ne dā, kirya ko kaɗanya ko marke, waɗansunsu sun girmi mai sayarwa. Ba mu ga laifin matar da ta koma ga gawayi domin kuɗin gas ya fi ƙarfinta ba, tilas yara su ci abinci. Amma kaɗanyar da ke ba da man kaɗe shekara da shekaru, idan ta zama gawayin sati biyu, an yi asara, ko wa ya yi ta.

Ƙasar ta wa ce?

Yanzu mu buɗe Littafin Firistoci sura 25. A aya ta 23 Ubangiji ya hana Isra'ilawa sayar da ƙasa har abada, ya kuma faɗi dalili: ƙasar tasa ce, su kuwa baƙi ne masu zaman aro a wurinsa. A lura da wanda a ke gaya wa wannan. Ba bayi a Babila ba ne, mutane ne da za su shiga ƙasar alkawari, su gāje ta kabila kabila. Ko a can, a kan gonar gādo, Allah ya kira su baƙi.

Nan ne hujjar mutumin Abuja ta faɗi. Yana cewa, ni baƙo ne, ba ruwana da ƙasar. Littafi Mai Tsarki kuwa yana cewa kowa baƙo ne, a Abuja ko a Kagoro, saboda haka ne ma ya zama da ruwansa. Mai abu yana iya yin yadda ya ga dama da abinsa. Wanda aka ba ajiya ba shi da wannan dama, gama akwai ranar da mai kaya zai zo ya duba. Idan maƙwabci ya ba mu aron keke, mukan lallaɓa shi fiye da namu.

Haka ya ke tun farko. Farawa 2:15 ta nuna Allah ya sa mutum cikin gonar Adnin domin aiki biyu, ya noma ta, ya kuma tsare ta. Kalmomin nan biyu na Ibrananci su ne kuma aka mora a Littafin Lissafi 3:7-8 a kan hidimar Lawiyawa a alfarwa ta sujada. Kalmar tsarewa kuwa ita ce Kayinu ya yi gardama da ita sa'ad da aka tambaye shi ina ɗan'uwansa. Tsaron ƙasa da tsaron ɗan'uwa ba su rabuwa. Ledar da aka jefa a lambatu a kan tudu, a ɗakin wani ta ke ƙarewa a gangare, galibi kuwa ɗakin matalauci ne, domin shi ne ke haya inda ƙasa ta fi araha.

Mulkin da aka ba mutum a Farawa 1:28 ba ya soke wannan. An ba shi ne a matsayin wanda aka yi cikin siffar Allah, sai ya yi mulki irin na Allah. Wanda ya ke so ya ga irin mulkin, ya karanta Zabura 104, ya ga yadda Ubangiji ke shayar da jakunan jeji, yana ba tsuntsaye wurin sheƙa.

Shari'ar Musa ba ta tsaya ga manyan kalmomi ba, ta sauko har ƙasa. Ta ce a bar gona ta huta a shekara ta bakwai. Ta hana mayaƙa sare itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin da suka kewaye birnin abokan gāba (Kubawar Shari'a 20:19-20). Ta umurci kowane soja ya riƙe abin tona rami, ya fita bayan zango, ya rufe bayan gidansa, domin Ubangiji yana yawo a tsakiyar zangon (23:12-14). Mai karatu na iya murmushi, amma a garin da kwalara ke biyo damina wannan doka ba abin dariya ba ce.

Isra'ila ba ta kiyaye hutun ƙasa ba. Littafin Firistoci 26:34-35 ya riga ya gargaɗe su cewa idan sun hana ƙasa hutunta, za ta karɓe shi bayan an kwashe su. 2 Labarbaru 36:21 ta ce haka kuwa aka yi, ƙasar ta zauna kango tana biyan bashin Asabar ɗinta har shekara saba'in. Watau mutanen da Irmiya ya rubuta wa su dasa gonaki a ƙasar wani, 'ya'yan waɗanda suka ƙi tausayin ƙasarsu ne. Allah ya mai da su makaranta.

Kukan matasa

Wajen rabin mutanen Nijeriya ba su kai shekara 18 ba. Wanda ke da shekara ashirin yau, idan Allah ya ba shi tsawon rai, zai ga 2070 da idonsa. Waɗanda suka ƙulla yarjejeniyar Paris a 2015, da waɗanda suka yi wa Nijeriya alkawari a Glasgow a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta kafin 2060, yawancinsu ba za su kai ranar ba. Saboda haka idan saurayi ya ce, ba mu muka ɓata ba, don me za a ce mu gyara, maganarsa tana da gaskiya a ciki, kada dattawa su yi saurin kwaɓarsa.

Matasan Yahuda sun yi wannan kuka. Suna da karin magana a kan iyaye da suka ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Irmiya (31:29-30) da Ezekiyel (sura 18) dukansu sun amsa ta. Ba su musa cewa 'ya'ya na shan wahalar abin da iyaye suka yi ba. Abin da suka hana shi ne a mai da karin maganar matashin kai, a kwanta a kanta. Kowane tsara za a tambaye shi abin da ya yi da nasa lokaci. Daniyel yana saurayi aka kai shi Babila, ba shi ya jawo bautar ba, duk da haka ya yi wa birnin hidima har tsufansa ba tare da ya ƙazantar da kansa ba. Yusufu yana da shekara talatin sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna. An ba shi gargaɗin yunwa ta shekara bakwai, bai ce ikon Allah ne ya naɗe hannu ba, ya gina rumbuna.

A zamaninmu ma gargaɗi yana zuwa. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wadda hedkwatarta ke nan Abuja, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar kula da koguna kuma takan faɗi wuraren da ambaliya ke iya ci. Masu wannan aiki ba annabawa ba ne, ba su kuwa ce su annabawa ne ba. Ma'aunai su ke dubawa, kamar yadda manomi ke duban gabas. Yesu da kansa ya ambaci masu karanta alamun sararin sama, bai ce sun yi ƙarya ba.

Hujja biyu da a kan kawo

Akwai magana biyu da mu kan ji a bakin masu bi, dukansu sanye da rigar ibada.

Ta fari ita ce, Allah ya yi wa Nuhu alkawari, ya sa bakan gizo, ya ce shuka da girbi ba za su fasa ba, saboda haka maganar sauyin yanayi rashin bangaskiya ce. Mu karanta Farawa 8:22 da 9:8-17 a hankali. Alkawarin shi ne ba za a sāke hallaka dukan masu rai da ruwan tufana ba, lokatai kuma za su ci gaba muddin duniya tana nan. Ba a ce ba za a yi fari a wata ƙasa ba, ba a ce gidan da aka gina a bakin rafi ba zai rushe ba. Bayan wannan alkawari ne aka yi yunwa a zamanin Ibrahim, da ta Yusufu, da farin zamanin Iliya. Akwai kuma abin da a kan tsallake a sura ta 9: ba da mutum kaɗai Allah ya yi alkawarin ba, har da tsuntsaye da dabbobi da kowane mai rai da ya fito daga jirgin. Abin da Allah ya ɗaura alkawari da shi, yaya za mu ce ba shi da daraja?

Ta biyu ta fi ƙarfi, ta kuma fi yaɗuwa a cikinmu. A kan ce, ai duniyar nan za ta ƙone, 2 Bitrus 3 ta faɗa, Ubangiji ya kusa dawowa, aikinmu ceton rayuka ne, ba dashen itace ba. Muna gaskata dawowar Ubangiji, muna kuma gaskata wa'azin bishara shi ne aikin ekklesiya na fari. Amma Bitrus bai kammala da cewa a yi sakaci ba, tambayarsa ita ce wane irin mutane ya kamata mu zama. Jikin nan namu ma zai koma ƙasa, duk da haka ba mai bin da ke ƙin kai ɗansa asibiti domin wata rana zai mutu. Bulus ya ce a Romawa 8:19-22 halitta duka tana nishi kamar mace mai naƙuda, tana jiran 'yantarwa. Nishin naƙuda ba na mutuwa ba ne. Ru'ya ta Yohanna 11:18 kuwa ta lissafta masu hallaka duniya cikin waɗanda za a hukunta.

Irmiya da kansa ya amsa wannan hujja da aljihunsa. A sura 32, rundunar Babila tana kewaye da Urushalima, shi yana tsare a gidan waƙafi, ya kuwa fi kowa sanin birnin zai faɗi. A wannan hali ne ya sayi gona a Anatot a bakin shekel goma sha bakwai na azurfa, ya sa shaidu, ya ba Baruk takardun ya ajiye cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Bai ci amfanin gonar ba.

Kututturen Maraɗi

Domin kada a ce wannan magana ce ta takarda, bari mu kawo abin da ya faru a ƙasar Hausa. A 1981 wani saurayi ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya zo Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, ƙarƙashin mishan na SIM, aikinsa dashen itatuwa. Ya dasa, suka mutu. Rana da iska da awaki da gara suka cinye mafi yawansu. A 1983, yana kan hanya da 'yan itatuwa a mota, ya tsaya ya rage iskar taya saboda rairayi, ransa a ɓace, ya yi addu'a Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da 'yan tsire-tsiren da ke warwatse a gonaki, waɗanda kowa ya ɗauka ciyayi ne a ke sassabewa kowace shekara. Da ya duba ganyen sai ya ga ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun dā, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa.

Dabarar ba ta bukatar kuɗi. Manomi ya zaɓi kututture, ya bar rassa kaɗan mafiya ƙarfi, ya datse sauran da wuƙa mai kaifi, ya kāre su daga dabbobi da wuta. Tun da saiwar ta riga ta yi zurfi, itacen yakan tashi da sauri fiye da dashe. Da fari an yi wa waɗanda suka gwada dariya, gama a ganin mutane gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal. Yunwar 1984 ce ta sa da yawa suka gwada, waɗansu suka ga gero ya fi kyau a gindin gawo, ga itacen girki, ga abincin dabbobi, ga iska ta daina binne shuka. Daga nan maƙwabci ya koya wa maƙwabci. Bayan shekara ashirin masu bincike suka ƙiyasta an farfaɗo da wajen hekta miliyan biyar a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan ɗari biyu. Manoman da suka yi wannan aiki yawancinsu Musulmi ne. Ayuba 14:7-9 ta riga ta yi zancen itacen da aka sare, wanda ke tohowa da ya ji ƙanshin ruwa, amma sai da wani ya durƙusa ya duba.

Wannan ya kawo mu ga maƙwabta. A tsakiyar Abuja Masallacin Ƙasa da Cibiyar Kirista ta Ƙasa suna duban juna, ruwan sama ɗaya ke sauka a kan rufinsu. Irmiya bai ce a nemi lafiyar unguwar Yahudawa kaɗai ba, birnin duka ya ce. A 2010 taron Lausanne a Cape Town ya rubuta cewa kula da halitta yana cikin biyayya ga Almasihu. A 2015 Paparoma Francis ya fitar da wasiƙarsa Laudato Si', a shekarar kuma malaman Musulunci suka yi tasu sanarwa a Istanbul. A 2024 bishop-bishop na Katolika suka ƙaddamar a Abuja da shirin dasa itatuwa miliyan biyar da rabi cikin shekara biyar. Wata budurwa, Adenike Oladosu, ita ta fara fitowar matasa ta ranar Jumma'a domin yanayi a Nijeriya, ta kai kukan Tafkin Chadi har taron Madrid a 2019. Ba lalle mu yarda da kowa a kan kowane abu ba kafin mu riƙe shebur tare.

Sai dai mu yi hankali da dashen biki, wanda a ke yi domin hoto. Itacen da aka dasa ran taro, ba wanda ya sāke waiwayarsa, kafin Maris ya bushe. Gara zumunta ta dasa goma a farkon damina, mangwaro ko darbejiya ko ɗorawa, kowane da sunan wanda zai ba shi ruwa da rani ya kuma kewaye shi da ƙaya, da ta dasa ɗari biyar a bar wa awaki. Gara kuma a fara da harabar majami'a, a duba inda ledar ruwa ke tafiya bayan babban taro, a duba ko ginin da a ke shirin ƙarawa bai toshe hanyar ruwan maƙwabta ba. Matasan da ke aiki a ofisoshin filaye da na gine-gine, da masu koyon aikin injiniya, nasu rabo ya fi na shebur nauyi: wata rana takardar fili a bakin rafi za ta zo teburinsu, da ambulan a ƙarƙashinta.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa saƙon Hananiya ya fi na Irmiya daɗin ji? Wace magana ce mai kama da tasa a ke yi yau a kan ƙasa da yanayi?
2. Idan ruwa ya sauka a kan rufin majami'armu, ina ya ke bi, gidan wa ya ke wucewa kafin ya kai rafi? Wanda bai sani ba ya bi shi da ƙafa kafin mako mai zuwa.
3. Uwa ba ta da kuɗin gas, gawayi kaɗai ta ke iya saye. Me zumunta za ta iya yi mata wanda ya wuce wa'azi?
4. Ku karanta Irmiya 32:6-15. Wane abu ne za ku iya farawa bana wanda wani ne zai ci amfaninsa?

Karatun mako mai zuwa: Farawa 41:25-57.